Tsofaffi Huɗu Masu Farautar Makasa: Abin da Masu Karatu a Hausari Suka Ce, da Abin da Muka Gani



Watannin nan akwai wani littafin Turanci da yake yawo hannu-hannu a unguwar nan, kwafi biyu ne ko uku, har bangonsu ya fara rabuwa da jikinsu. Sunansa The Thursday Murder Club, wato ƙungiyar masu binciken kisan kai ta ranar Alhamis. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Osman, wanda aka sani da gabatar da shirin kacici-kacici a talabijin na BBC, shi ya rubuta shi, ya fito a 2020. 'Ya'yanmu da ke Jami'ar Maiduguri ne suka shigo da shi. Da kamfanin Netflix ya saki fim ɗinsa a watan Agusta na 2025, sai masu tura finafinai a waya suka ƙara masa kasuwa. Yanzu har waɗanda ba sa jin Turanci sun san labarin, don an ba su shi da Hausa a majalisa.

Ba kasafai shafin nan yake taɓa littafin Turawa ba. Abin da ya sa muka taɓa wannan, mun ga ya raba kan mutanen da ba su saba saɓani ba, kuma gardamar tasu ta wuce littafi, ta taɓo yadda muke zaune da juna. Mun bi shi shafi-shafi da ɗan Turancinmu na kasuwa, yara suna warware mana inda ya ɗaure, mun kuma saurari masu yabo da masu kushe. Wanda bai karanta ba ya sani za mu taɓa ƙarshen labarin, sai dai ba za mu kama sunan wanda ya yi kisan ba.

Abin da ke cikin littafin

A yankin Kent na kudancin Ingila, marubucin ya ƙirƙiro wani ƙauye mai suna Coopers Chase, inda tsofaffi masu hali suke sayen gida su ƙarasa rayuwarsu bayan ritaya. Huɗu daga cikinsu suna haɗuwa kowace Alhamis a wani ɗaki, su baje tsofaffin fayilolin kisan kai da 'yan sanda suka kasa warwarewa, suna tattaunawa don rage lokaci. Akwai Elizabeth, wadda alamu suka nuna tsohuwar 'yar leƙen asiri ce. Akwai Joyce, tsohuwar nas, wadda take rubuta abin da ya faru kowace rana a kundinta, kuma da bakinta ake jin wani sashe na labarin. Akwai Ron, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, mai faɗa da ɗaga murya. Na huɗun Ibrahim, mutumin Masar, likitan ƙwaƙwalwa, mai son lissafi da tsari.

Ana nan sai wasa ya zama gaske. Aka tsinci gawar wani ɗan kwangilar gini mai hannun jari a ƙauyen, an rotse masa kai a kicin ɗin gidansa, an ajiye wani tsohon hoto kusa da shi. Shi kuwa attajirin da ya mallaki wurin ya ƙudura sai ya tone wata tsohuwar maƙabartar matan coci da ke kan tudu, ya gina gidajen sayarwa. Ranar da ya zo da katafila, tsofaffin suka tare hanya, ana cikin hayaniya sai ya yanke jiki ya faɗi matacce a gaban jama'a. Ashe allurar guba aka soka masa. Bayan haka kuma aka gano ƙasusuwan wani mutum a cikin wani kabari da ba nasa ba, an ɗora shi a kan akwatin mai kabarin. Gawa uku ke nan, ga tsofaffi huɗu sun rantse sai sun riga 'yan sanda gano bakin zaren.

Irin wannan labari yana da rukuninsa a wajen Turawa, za mu iya kiransa labarin bincike mai sanyi. Ƙa'idarsa, wuri ƙarami ne inda kowa ya san kowa, ba a baje jini a fili, akwai raha, kuma mai binciken ba ma'aikacin hukuma ba ne. Uwar wannan rukuni ita ce Agatha Christie, wadda a 1930 ta fitar da littafi na farko na wata tsohuwa 'yar ƙauye, Miss Marple, mai gane mugu ta hanyar kwatanta halinsa da na wani da ta taɓa sani a ƙauyensu. A Afirka ma an yi. Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fitar da Mzimu wa Watu wa Kale da harshen Suwahili a 1960, inda wani dattijo Bwana Msa yake warware kisa da tunani kawai, a cikin al'ummar Musulmi irin tamu. A 1998 kuma Alexander McCall Smith ya fara jerin labaran Mma Ramotswe ta Botswana, wadda ta buɗe ofishin bincike da kuɗin shanun da ta gada.

Abin da masu karatu suka ce

Wani dattijo, tsohon hedimasta, shi ne kan gaba a masu yabo. Ya ce tun da ya ajiye aiki bai karanta abin da ya faranta masa rai kamar wannan ba, don a nan ne ya ga an ɗauki tsoho a matsayin mai hankali. Ya ce a yawancin finafinanmu aikin tsoho bai wuce ya zauna a tabarma ya ce Allah Ya yi muku albarka ba, ko a nuna shi yana tari. A nan kuwa tsofaffin ne ke jan labarin, suna amfani da rainin da ake musu. In Elizabeth tana son shiga inda aka hana, sai ta yi kamar ta rikice, ɗan sanda ya tausaya mata ya buɗe ƙofa. Malam hedimasta ya ce ai dama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Wata Hajiya da ta yi shekaru tana aikin jinya ta ce ita Joyce ce tata. Ta ce gaskiya marubucin ya faɗa, mutane suna sakin baki a gaban tsohuwa kamar ba kowa a ɗakin, kuma wadda ta yi aikin asibiti ta san yadda ake jin abu a yi kamar ba a ji ba. Amma ta ce wani abu ya tsaya mata a rai: ina 'ya'yan mutanen nan? Ga gida mai kyau, ga wurin wanka, ga abinci, amma uwa tana ƙirga kwanaki kafin 'yarta ta kira ta a waya. Ta ce ita a ganinta kaɗaici ne ainihin labarin, kisan an sa shi ne don a samu abin da zai tara su.

Wata ɗaliba ta zo da ƙorafi irin na masu sanin kan abin. Ta ce daɗin labarin bincike shi ne a baje maka alamu duka, kai ma ka gwada basirarka. A nan kuwa mutane sun yi yawa, zare ya sarƙe, kuma duk inda aka maƙale sai Elizabeth ta ɗauki waya ta kira wani tsohon abokin aiki ya ba ta bayanin da mai karatu ba shi da hanyar samu. Ta ce wannan alfarma ce, ba basira ba. Mun duba, kuma ta yi gaskiya. Miss Marple da Bwana Msa da tunani suke kai wa ga mai laifi, ita kuwa Elizabeth rabin nasararta sanayya ce.

Wani malami abokinmu ya ce shi sam bai ga abin karantawa ba. Ya kawo dalilai: ana raha a kan gawa, kwalbar giya ba ta barin tebur, kuma duk littafin koyar da bin diddigin mutane ne, alhali an hana mu.

Wanda maganarsa ta fi yi mana nauyi wani magidanci ne da bai kai arba'in ba, yana cikin samarin da suka riƙe gora a shingayen unguwar nan a 2013. Ya ce ya kai rabi ya ajiye. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a kan hanya da dare yana duba fuskar yaron da suka yi makarantar allo tare, yana tunanin ko ya nuna shi ko ya ƙyale shi ba. Ya ce su can ana gano mai laifi a sha shayi da kek, a nan kuwa in ka nuna mutum da yatsa, wataƙila uwarsa ba za ta sake ganinsa ba.

Inda littafin ya yi kyau

Mu fara da ba kowa haƙƙinsa. Littafin yana da daɗin karatu, babi-babinsa gajeru ne, kuma rahar da ke ciki ba ta batsa ba ce. Inda ya fi ƙarfi shi ne inda ya bar kisa ya koma kan tsufa. Mijin Elizabeth, mutum mai ilimi, ciwon mantuwa yana cinye shi a hankali, ita kuma tana ɓoye wa mutane don kada a raba su. Ƙawarta da suka kafa ƙungiyar tare tana kwance a ɗakin jinya ba ta magana, mijinta yana zaune gefenta kullum. Duk wanda ya yi jinyar iyaye zai gane waɗannan shafuka. Hajiya ta fi kowa gane littafin a nan.

Game da maganar malam kuwa, giyar al'adarsu ce, mai karatu Musulmi ya san matsayinta, ganin ta a takarda ba zai canza masa hukunci ba. Batun bin diddigi shi ne yake son a tsaya a kai. Gaskiya ne aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana yawan zato da binciken asirin mutane. Amma malamai sun bambanta tsakanin mai leƙen aibin da mutum ya rufe tsakaninsa da Ubangijinsa, da mai neman haƙƙin wanda aka zalunta. Ƙarshen Suratul Baƙara ma ya yi gargaɗi a kan ɓoye shaida. Saboda haka lura da alama don gano gaskiya ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Ku tuna ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da matar Azizu ta tuhume shi, wani daga danginta ne, ba alƙali ba, ba dogari ba, ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage ga abin da yake nufi, in ta baya ce ga abin da yake nufi. Aka duba, gaskiya ta fito. Haka Ibnul Ƙayyim a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya ya tara labaran alƙalai masu firasa, irin su Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra. Wani ya kawo ƙarar cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya, abokin ya ce shi bai ma san bishiyar ba. Iyasu ya tura mai ƙara ya je wajen bishiyar ko zai tuna wani abu, ya ci gaba da sauraron wasu shari'u. Can sai ya juyo ba zato ya tambayi wanda ake ƙara ko yana ganin mutumin ya isa wurin yanzu. Shi kuwa ya ce a'a, da saura. Da bakinsa ya kama kansa. Wanda ya ji daɗin wannan labari a zauren karatu, ya san daɗin da masu karanta Osman suke ji.

Inda muka rabu da shi

To amma ku lura da abu ɗaya a labaran nan biyu. Mai maganar riga ya faɗi alama ne ya tsaya, ya bar mai iko ya yanke. Iyasu kuwa alƙali ne, an naɗa shi, yana da wanda zai tuhume shi in ya karkace. Tsofaffin Coopers Chase ba su tsaya inda mai maganar riga ya tsaya ba, kuma ba wanda ya naɗa su kujerar Iyasu. Su ne masu bincike, su ne masu auna shaida, su ne kuma masu zaɓen abin da 'yan sanda za su ji da lokacin da za su ji shi.

Dubi yadda gawarwakin uku suka ƙare. Ƙasusuwan da aka samu a kabari na wani ne da aka yi imani ya kashe budurwarsa ya tsira, sai wani ma'aikacin doka ya kashe shi a ɓoye ya binne. Attajirin an kashe shi ne don kada tonon maƙabarta ya fallasa wancan sirri, kuma da aka gano wanda ya yi, sai ya samu sararin da ya ɗauke ran wani majinyaci da yake ƙauna, ya ɗauke nasa, kafin hukuma ta iso, littafin kuma ya zana abin kamar wata karamci. Ɗan kwangilar kuwa ramuwar gayya ce aka yi a kansa. Wanda ya kashe shi ya faɗa wa wani tsoho mai ciwon mantuwa suna cikin wasan dara irin ta Turawa, ba a kama shi ba, har ya zama na hannun daman ƙungiyar a littattafan da suka biyo baya. Masu fim ɗin da kansu sun canza wannan, suka sa aka kama shi.

Ta yaya marubucin ya sa mai karatu ya haɗiye duk wannan yana murmushi? Dabarar mai sauƙi ce. Ya sa duk wanda aka kashe mugu ne ko mai haɗama, ya sa duk wanda ya yi kisa mai kirki ne, mai ladabi, mai taimakon tsofaffi. Ba ka ganin uwar mamaci tana kuka a tabarmar makoki. Da an nuna ta sau ɗaya, da shayin ya daina daɗi. A shari'ar da muka karanta, jini yana da masu shi. Magadan mamaci ne ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa, a gaban hukuma. Maƙwabci, komai wayonsa, ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba don mai laifin yana burge shi. A dokar Ingila ma ba shi da wannan iko. Marubucin ne ya ba su, kuma ya iya ba su ne don shi ya ƙirƙiri duniyar, ya san ba za su taɓa kuskuren mutum ba.

Nan ne maganar ƙaninmu mai gora take shigowa, don mu a garin nan mun ga farar hula suna aikin hukuma da idonmu. Bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayu 2013, an katse layukan waya, gari ya zama kowa yana tsoron kowa. A wannan unguwa ta Hausari ne, cikin makonnin da suka biyo baya, aka fara abin da duniya ta sani da 'yan kato da gora, inda ake ba da labarin Baba Lawan Jafar ya bi ɗan bindiga da sanda ya kama shi ya miƙa wa sojoji. Samari suka fito da gora da adda, mata suka shiga don binciken mata a shingaye. Makaminsu na gaske shi ne irin na Miss Marple: sun san ɗan wane ne wannan, sun san wanda ya ɓace wata uku ya dawo da kuɗi. Da wannan sani aka kori masu kashe mu daga cikin gari, ɗaruruwansu kuma suka rasa rayukansu. Ba mai gaskiyar da zai raina wannan, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Amma wanda ya zauna a nan ya san ɗaya fuskar. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, irin su Amnesty International, sun rubuta rahotanni a kan mutanen da aka nuna aka tafi da su ba tare da shari'a ba, wasu ba su dawo ba. A cikin masu nunawa akwai mai gaskiya, akwai mai kuskure, akwai kuma wanda tsohuwar gaba ce ta motsa shi. A littafi, in tsohuwa ta zargi wanda ba shi ba ne, sai a juya shafi a ba shi haƙuri. A zahiri ba a juya wannan shafi.

Kuma kada mu manta mu baƙi ne a garuruwa da yawa, yatsan da ake nunawa yakan faɗo kanmu. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, 'yan sintiri a Uromi ta Jihar Edo suka tare wata motar kaya da ta taso daga wajen Fatakwal. A ciki akwai mafarauta 'yan Jihar Kano da za su gida yin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka tara jama'a, aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi wannan su ma a ransu bincike suka yi: sun ga alama, sun haɗa biyu da biyu, biri ya yi kama da mutum. Abin da suka tsallake shi ne abin da aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da shi, wato a tabbatar da labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama.

Ba sai an kai ga kisa ba. Sau nawa ake kawo mana ƙara bayan sallar Isha'i, waya ta ɓata ko ɗan kunnen gwal, an riga an yanke wa wani hukunci? Kuma kusan kullum wanda ake zargi shi ne marar gata: 'yar aiki, almajirin da ke wanke-wanke, yaron 'yan gudun hijira da ke kwana a zaure. Mun san gidan da aka yi wa yarinya dukan tsiya a kan sarƙa, har aka je wajen mai duba ya tabbatar musu ita ce, bayan sati biyu aka ga sarƙar a cikin rigar matashin kai. Yarinyar ta riga ta koma ƙauyensu da sunan ɓarauniya. Ƙa'idar da ke cikin Arba'una Hadisi, wadda yaran Islamiyya suke haddacewa, ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Mu mun juya ta, wanda ake zargi ne muke cewa ya wanke kansa. Hausawa kuwa tun tuni suka ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Saboda haka ma'aunin da muke auna irin wannan littafi da shi shi ne: a ina mai binciken ya tsaya? In ya tara alamu, ya yi shakkar kansa, ya kai wa mai iko, to ya koya wa mai karatu haƙuri da lura. In ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai afuwa, to ya shayar da mai karatu abin da muka riga muka ɗanɗana ɗacinsa. Littafin Osman ya ci rabin farko, ya faɗi a rabi na biyu.

Kira ga marubutanmu

Wani abin da ya fito a duk hirarrakin nan shi ne tambayar me ya sa sai da Turanci za mu karanta irin wannan. Tun gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙagaggen labarin Hausa yake tafiya. A 1982 an samu Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare mai cike da bindiga da jini. Daga baya adabin kasuwar Kano ya cika kasuwa da soyayya da zaman aure, ga kuma na yaƙi da aljanu. Labarin laifi muna da shi. Wanda ya yi ƙaranci a teburin masu sayar da littattafai shi ne na mutumin unguwa mai sanyin hali da yake warware matsala da lura da tambaya, ba duka, ba tsafi.

Kayan haɗin kuwa ga su nan zube. Majalisar dattawa da ke ƙofar masallaci bayan La'asar ta fi ɗakin Alhamis na Coopers Chase sanin gari. Dillaliya tana shiga gidan da ɗan sanda ba zai taɓa shiga ba, ta san wadda ta sayar da gwal a ɓoye da dalilin sayarwar. Mai shayi ya san wanda bai kwana a gida ba. Ɗan Keke Napep ya san wanda ya sauka a ina. Tela yana gane ɗinkin hannun wani telan. Ga Kasuwar Monday da ta ƙone a watan Fabrairu na 2023, ga ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 da ta watsa kayan mutane da takardunsu, kowanne zai ɗauki labarin amana da ajiya da bashi. Ba dole sai an kashe kowa ba. Kuɗin adashe da ya yi ƙafa ya isa littafi guda.

Sharaɗinmu ga wanda zai rubuta guda biyu ne. Na farko, a bar mai binciken ya yi kuskure ko sau ɗaya, a kuma nuna abin da kuskuren ya jawo wa wanda aka zarga, don mai karatu ya ji nauyin nuna yatsa. Na biyu, in gaskiya ta fito a kai ta gaban Bulama ko Lawan, ko ofishin 'yan sanda, ko kotu, a bar masu haƙƙi su yi magana da bakinsu.

Ga mai tambaya ko ya karanta The Thursday Murder Club, amsarmu ita ce baligi mai hankali ya karanta, zai yi dariya, zai kuma tuna da tsofaffinsa. In yaro ne ya ɗauka, a zauna da shi a kan babi-babin ƙarshe, a tambaye shi wa ya ba su izinin yafewa. Kwafin da ke yawo kuma, don Allah wanda yake hannunsa ya gama ya miƙa, akwai masu jira. Shafin nan a buɗe yake ga duk wanda yake ganin mun tsaurara ko mun sassauta, ya rubuto a kai ofishin mujalla.

Allah Ya tsare mu da zaluntar bayinSa da harsunanmu da hannayenmu, Ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da Nijeriya baki ɗaya. Wassalamu alaikum.